Gicciyen Farar Ƙasa

Duk wanda ya bi ta San Isidro del Vado a watan nan ya san ramin zai ci mutum. Direbobin bas sun faɗa, malaman makaranta sun faɗa, har fada ya faɗa a coci ranar Lahadi. Kamfanin da aka ba aikin sabunta kwaltar babbar hanyar ya yanke rabin titi zai saka kwalbati, daidai iyakar jihohi biyu, sai aikin wurin ya tsaya cak. Ofishin ayyuka na nan ya ce ramin na can ne, na can ya ce na nan ne. Aka jera jajayen gangunan roba a bakinsa, aka ci gaba da zuba kwalta a gaba kamar ba a bar komai a baya ba.

Sufeto Anselmo Barragán ya fi kowa magana, domin 'yarsa Nayeli ta nan take bi kullum a bas zuwa makarantar koyon jinya da ke tsallaken iyaka. Ko ranar Laraba a birni ya wuni, zaune kan benci a ofishin ayyuka, yana jiran wani darakta da bai zo ba.

Ranar Alhamis da safe yana kurɓar kofi wayarsa ta yi ƙara. Kofur Lucina ce, mataimakiyarsa, wadda aka turo daga arewacin Meziko bara. Tana cewa "ramin iyaka" ya ajiye kofin.

"Bas ce?"

"Tirela ce, yallaɓai, ta lemo. Direban ya rasu."

Duk da haka sai da ya kira Nayeli. Ta ɗauka tana raɗa, ta ce tana cikin aji, bas ɗinsu ta raɓa ta ɗaya hannun ta wuce, kuma in bai daina kiranta haka ba zai sa a kore ta.

Da ya isa wurin hazon dutse bai gama tashi ba. Tirelar na kwance a kan haƙarƙarinta, ƙafafun gaba cikin rami. Lemo ya cika titi, mutanen ƙauye na tsinta da bokitai. 'Yan sandan jihar maƙwabta na tsaye suna gardama da nasa: su dai sun ce kan motar ne kawai ya shigo wajensu, gindinta da gawar duk na wannan ɓangare ne.

"To ku ɗauki kan ku tafi da shi," in ji Anselmo, ya wuce su.

Direban, Ubaldo Tenorio, baƙo ne, mutumin jihar Veracruz. Yana kwance a gefen titi kusa da kan motar, rigingine, idanu a rufe, hannaye a kan ƙirji, hularsa a ƙarƙashin kansa. Anselmo ya tsuguna. Raunin kan babba ne, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa a bushe take. Gwiwoyin wandonsa duk jar laka ne da ƙayoyi, alhali a titin babu komai sai tsakuwa da baƙar kwalta.

"Mota ba ta jefo mutum ta haɗe masa hannaye," ya ce da Lucina. "Ina gangunan?"

Babu ko ɗaya. Abin da ke ƙarƙashin tayoyin rassan itace ne ɗanyu, an sare su da adda, sun dagargaje.

Kafin ya miƙe Kwamanda ya kira. Ya ce an riga an kama Crescencio, mai ɗaga tuta na kamfanin, wanda aikinsa ne jera ganguna. Gobe da safe mota za ta kai shi wurin mai gabatar da ƙara a babban birnin jiha.

"Ga gawa, ga mai laifi, Barragán. Me kuma kake nema?"

Anselmo ya mayar da wayar aljihu. Ya san gidan yarin can. Talakan da ya shiga yakan yi furfura kafin alƙali ya tuna da sunansa.

A bayan kanta ya sami Crescencio, siririn mutum da rana ta ƙone wa wuya, har yanzu da rigar aiki mai ƙyalli a jikinsa. Ya rantse da uwarsa cewa ya jera gangunan da yamma, kuma bai bar wurin ba sai da duhu ya yi.

"Warin giyar da kake yi fa? A bakin ramin ake sayar da ita?"

Crescencio ya sunkuyar da kai. Ya ce gaskiya rana ba ta faɗi ba ya tafi wurin faɗan zakaru a ƙauyen gaba. Amma ganguna ya jera su, kowa ya gani. Mai gadi ne ya kamata ya karɓe shi, kuma tun watan jiya kamfani ya sallami mai gadin.

"Wa ya sa rassa a titi?"

"Ba ni ba ne, yallaɓai. Mu 'yan kamfani ba ma sa rassa, Injiniya ya ce ƙauyanci ne." Ya share hanci. "Matata na da tsohon ciki. In aka kai ni can, wa zai kai ta asibiti?"

Anselmo ya tambaye shi ko jiya an yi wani abu da ba a saba yi ba. Ya yi tunani, ya ce ba komai, sai dai sanarwar motar gireda. An ce yau da sassafe za ta share gefen titi tun daga rami har bayan kwana, ta kwashe duk abin da ta tarar.

Injiniya Olvera yana cikin ofishinsa na kwantena, fanka na kaɗa masa. Bai ba su kujera ba. Ya ce akwai fitilu a ramin, akwai mai gadi, komai bisa ƙa'ida. Ganguna kuwa mutanen nan ne ke sacewa su tara ruwa a gidajensu, ba yau aka fara ba.

"Sunan mai gadin?" in ji Anselmo.

Injiniya ya ce zai duba.

"Fitilun fa, su ma ruwa ake tarawa a cikinsu?"

Lucina ta juya kai tana danne dariya. Injiniya ya ja tsaki, ya ce shi ba shi ya tsayar da aikin kwalbati ba, a je a tambayi manya.

"Gicciyoyin gefen titi fa? Su ma gireda za ta kwashe?"

Kowa a nan ya san su. Inda mota ta kashe mutum, nan danginsa ke kafa ɗan gicciye na ƙarfe ko na siminti, su riƙa kawo fure. Injiniya ya ce an sanar da iyalai da lasifika jiya da rana, wanda ya damu da nasa ya zo ya cire.

"Jiya da rana, a kwashe yau da safe," in ji Anselmo. "Ba wanda ya yi magana?"

"Wani tsoho ya zo yana roƙon in jira Lahadi. Wai ba a ɗaga gicciye sai da fada da kuma wanda ya kafa shi. Na ce masa ni titi nake yi, ba coci ba."

"Sunansa?"

"Sufeto, duk hula iri ɗaya suke sawa."

Anselmo ya fita bai yi sallama ba. A mota ya zauna riƙe da sitiyari bai tayar ba. Gicciyoyin da ke tsakanin rami da kwana suna da dama, kuma ɗaya daga cikinsu shi da hannunsa ya kafa. Bai gaya wa Lucina ba.

Suka koma ramin da rana tsaka. An ɗauke gawa, lemo ya ƙare. Anselmo ya zagaya bayan tirelar, ɓangaren da gilashi ya fashe, inda titi ya gangara zuwa kwazazzabo. Ciyawa ta kwanta, da ɗigon jini a kan duwatsu. Ya bi shi yana riƙe saiwoyi, Lucina na biye tana zagin takalminta.

A can ƙasa, cikin sarƙaƙiya, ga jajayen ganguna an gangaro da su. Lucina ta fara ɗaukar hoto. Shi kuwa Anselmo wani abu ya tsayar da shi a ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya. Laka ta jiƙe da jini a wurin. A kanta an zana gicciye da farar ƙasa, irin wadda mata ke dafa masara da ita, a gindinsa kyandir na cikin gilashi yana ci.

"Wani ɗan ƙauye ne ya zo yi masa addu'a," in ji Lucina.

"Da a sama zai kunna, inda kowa ya ga gawar."

"To ai duk ɗaya ne."

"A garinku ƙila. Mu nan inda rai ya fita ake zanawa, ba a matsawa ko taku ɗaya. In ka zana a wani wuri ka ɓatar da mamacin." Ya nuna lakar. "Nan ya rarrafo, nan ya cika. Wanda ya zana wannan yana wurin, shi ya goya shi zuwa sama."

"Mutum ya ɓoye ganguna, sannan ya kunna kyandir a kusa da su? Wane irin mai laifi ne wannan?"

"Namu," in ji Anselmo.

Shago ɗaya ne ke sayar da irin wannan kyandir a San Isidro, na Doña Herlinda, mai abinci a bakin hanya. Tun da aka fara aikin titi ƙura ta kore mata masu ciniki, kuma ba ta gajiya da faɗa. Ta ajiye musu tamal, wato alalen masara, da kofi ba su tambaya ba, ta fara da kamfani, ta bi ta kan gwamnoni biyu, ta dawo kan Anselmo da ta ce ta san shi tun yana yawo ba wando, ga shi da kaki bai iya cike rami ɗaya ba.

Ya bar ta ta gama, sannan ya tambayi wanda ya sayi kyandir yau.

"Ba kowa. Wa ke da kuɗin kyandir a garin nan?"

Anselmo ya dubi kantar. A layin kyandirori akwai gurbi ɗaya, zagayen da ƙura ba ta hau ba tukuna. A shagon da ake share tebur a dawo a tarar da ƙura, wannan gurbi ba na jiya ba ne. Ya sa yatsa a wurin ya bar shi, yana kallonta.

"Doña, gobe za a kai Crescencio gidan yari. Ke za ki karɓi haihuwar matarsa, ke za ki gaya mata kin sani kika yi shiru."

Tsohuwar ta goge hannu da zanen aikinta, ta daɗe tana gogewa. Ta ce ko wuta ba ta hura ba aka buga mata ƙofa. Mutumin a jiƙe yake da laka har ƙugu, bayan rigarsa duk jini. Ya ɗauki kyandir, ya roƙi farar ƙasa cikin tafin hannu.

"Kullum Juma'a yake saye, na 'yarsa. Yau kuwa Alhamis." Ta kawar da fuska. "Kar ka sa ni in faɗi sunansa, ɗan nan. Ka fi ni saninsa."

Ya sani. Don Fidencio Zárate, manomin masara, uban baftismar Nayeli, wanda suke kiran juna compadre tun suna da baƙin gashi. 'Yarsa Rosalba ƙawar Nayeli ce, tare suka yi firamare. Wata babbar mota ta kaɗe Rosalba a kwana tana tsallakawa da tulun madara, ba ta tsaya ba. Da aka zo kafa gicciye, Anselmo aka zaɓa ya saya ya kafa, kuma a al'ada shi kaɗai zai iya ɗaga shi.

Ya ce Lucina ta tsaya a mota, ya taka zuwa kwana.

Saboda hatsarin gireda ba ta fito ba. Tana can gefe, bakinta a ƙasa. Don Fidencio na zaune kan dutse kusa da shuɗin gicciyen, ya canja riga, adda a gefensa. A ƙasa, kewaye da gicciyen, ga sawun gindin ganguna zagaye-zagaye, a jere kamar katanga.

"Compadre," in ji Anselmo.

"Compadre. Yaya 'yata Nayeli? Ta isa makaranta lafiya?"

"Ta isa."

Anselmo ya zauna kusa da shi. Ya tambaye shi inda yake da asuba. Tsohon ya ce yana gona, masara na neman ciyawa.

"Da hazo haka kake nome?"

"Hazo bai taɓa hana ni ba."

"Na sauka kwazazzabo, compadre. Kyandirin na ci har yanzu."

Don Fidencio ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Wata tirela ta wuce da gudu, iskarta ta kaɗa furannin gicciyen.

"Na zo ofishinka jiya," ya ce. "Aka ce ka tafi birni. Na je wurin fada, yana wani ƙauye sai Asabar. Na je wurin Injiniya, ka dai san shi. Ni kuwa ba zan taɓa gicciyen da hannuna ba, ba hurumina ba ne. Kuma ba zan tsaya ina kallo ƙarfe ya kwashe ta tare da shara ba."

Sauran ya faɗe shi a hankali, idonsa a ƙasa. Ya lura mai gireda ba ya taɓa duk abin da jajayen ganguna suka kewaye, yakan ɗauka kayan kamfani ne ya zagaye. Da magariba, ganin ba kowa a ramin, ya gangaro da su ɗaya bayan ɗaya. A gurbinsu ya sari rassa ya jera a titi tun daga nesa, kamar yadda kowa ke yi in motarsa ta lalace. Ya yi niyyar gireda na wucewa ya mayar.

"Duk direban yankin nan ya ga reshe a titi zai taka birki. Ban kawo hazo a raina ba. Ban kawo baƙon direba a raina ba."

Da asuba ya dawo ya tsare gicciyen, sai ya ji ƙarar. Ya ruga. Ya tarar da mutumin ya fito ta gilashi ya gangara ƙasa, bai san inda yake nufa ba. Ya riƙe shi a cinyarsa. Mutumin ya nemi ruwa, ya kira sunan wata mace, sannan ya yi shiru. Ya goya shi zuwa titi don kada karnuka su riga mutane. Daga nan tsoro ya kama shi, ya kwashe gangunan ya tura su kwazazzabo.

"Har na kai gida na wanke hannu. Sai na tuna ba shi da kowa a nan. Danginsa za su zo su kafa masa a bakin titi, inda ba nan ba ne, ya yi ta yawo a hanyar nan yana nema. Na san za ka gani. Amma ya zan yi?"

"An kama Crescencio, ka sani?"

Tsohon ya ɗago da sauri. Bai sani ba. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya miƙe, ya miƙa wa Anselmo addar ta wajen ƙota.

"To mu tafi, kar yaron ya kwana a can."

Anselmo bai miƙe nan take ba. Yana kallon benci na ofishin ayyuka a zuciyarsa, da wunin da ya yi a kai. Haushi ya cika shi, bai san wa zai zubar wa ba.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Don Fidencio. "Gobe gireda za ta fito."

"Zan ɗaga shi yau. In fada bai nan, Doña Herlinda ta iya addu'o'in."

"Ka gaya wa dangin mutumin wurin da yake. Ƙarƙashin bishiyar, ba sama ba."

"Zan kai su da kaina."

Lucina ta fito da ankwa da ta gan su tafe. Anselmo ya girgiza mata kai, ya buɗe wa tsohon ƙofar baya, ya dafa masa kai kada ya bugu.

Kwamanda ya saurari bayanin yana duba agogo. Ya ce to shi ke nan, a saki wancan a rufe wannan. Da Anselmo ya kawo maganar mai gadin da aka sallama da fitilun da ba a taɓa sawa ba, ya ce wannan ba aikin 'yan sanda ba ne, a kai ofishin ayyuka.

"Na wace jiha?" in ji Anselmo.

Kwamanda ya ɗauki wayarsa.

Crescencio ya fita kafin la'asar sakaliya. Da yamma Anselmo ya tone gicciyen Rosalba, Doña Herlinda na addu'a, Nayeli na riƙe da furanni. Ba ta yi wa mahaifinta magana ba tun da ta ji, kuma bai matsa mata ba. Suka kafa shi can baya, a bakin gonar Don Fidencio, wurin da ba nan ta faɗi ba, don babu wani wurin da ya rage.

Washegari motar da aka tanada don Crescencio ta tafi da Don Fidencio. Ta raɓa ramin ta wuce. An hauro da gangunan an jera, laka a jikinsu. Anselmo ya tsaya a wurin har bas ɗin Nayeli ta zo, ta rage gudu, ta wuce lafiya, sannan ya koma ofis. Haka yake yi kowace safiya tun daga ranar.

Ramin na nan a buɗe. Har yau ba a san jihar da za ta cike shi ba, kuma ba a san motar da ta kaɗe Rosalba ba.